Sauran Labarin Mai Allura

Bututun ɗumama ɗaki ne ya fara ƙwanƙwasawa, ƙwas, ƙwas, kamar baƙo mai jin nauyin shigowa, sannan ya saki huci. Haka yake yi kullum da la'asar a lokacin sanyi. Ranar na dawo daga makaranta yatsun ƙafata a sanƙare, na hau tudun nan na unguwarmu ta Highbridge ina haki, na haɗa shayi, na zauna bakin gado na buɗe kwamfuta don in ci gaba da wasan Sinawan da nake bi. Sai na tarar da baƙin allo da layin Turanci guda ɗaya, wai babu wannan shiri yanzu.

Na rufe na sake buɗewa. Na nema a wasu wuraren. Babu shi, har da sassan da na riga na kalla. Shayin ya huce a hannuna, ni kuwa abin da nake tunani ɗaya ne: me zan ce wa Umma idan na kira?

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma Umma mace ce mai kara irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Idan tana nemana sai ta ce wa ƙannena, "Ku kira waccan." A ɗakin kakata na yi yawancin ƙuruciyata, ita ce take yi mini kitso, ita nake yi wa shagwaɓa. Ban taɓa shakkar Umma tana sona ba, amma son nata ta bayan gida yake zagayowa: a tsokar da zan tarar a ƙasan tuwona, ko a zanen da za a ce an tsinta a akwati ya yi mini daidai. Da na samu gurbin karatu na taho New York, sai na ga irin wannan son ba ya bin waya. Idan na kira Kano, hirarmu ba ta wuce tsawon gaisuwa.

"Lafiya lau? Ya karatu? To, Allah ya taimaka. Ga ƙanwarki."

Ɗaki nake haya a gidan wata mata 'yar zangon Kumasi, ina ce mata Anti. Aikinta kula da tsofaffi ne a gidajensu, can take kwana, sai ƙarshen mako take dawowa. Sauran kwanakin daga ni sai bututun nan, sai ƙarar jirgin ƙasa idan ya wuce ta saman gada. Akwai wani dattijo ɗan Nijar mai sayar da huluna da safar hannu kusa da tasha. Sau da yawa "ina wuni, Baba" da nake ce masa ita ce duk Hausar da bakina zai furta a yinin.

Wata rana na kira gida sai na ji busar sarewa a bayan muryar Umma. Na tambayi ƙanwata, ta ce wani wasan Sinawa ne wata tashar tauraron ɗan'adam take nunawa da fassarar Hausa, Umma ba ta yarda ya wuce ta. Na sa ta karanto mini sunansa harafi-harafi, na nemo shi a nan da rubutun Turanci a ƙasa. Labarin wata yarinya ne mai surfani da aka ɗauko daga ƙauye aka kai ta fada ɗinkin kayan sarauta, a ƙarƙashin wata tsohuwa mai mugun hali. Na yi ta kallo har na cim ma inda suke.

Da na sake kira, kafin Umma ta miƙa wayar na yi sauri na ce, "Umma, wannan tsohuwar dai ba ta da imani."

Sai ta fasa miƙa wayar.

"Ke ma kina gani?"

"Ina gani."

"Ai ba ki ga komai ba. Kin lura da yadda ta harari yarinyar da aka yaba ɗinkinta? Ni fa tun ranar na san za a yi haka."

Ranar Umma ta yi mini magana fiye da duk wadda ta taɓa yi mini a jere tun da aka haife ni. Sunayen 'yan wasan sun fi ƙarfin bakinmu, sai ta raɗa musu nata: yarinyar ta zama Mai Allura, tsohuwar ta zama Baƙar Tsohuwa, wani bafade mai yawan sunkuyo ya zama Ranka-ya-daɗe. Su suna kallo bayan magariba, ni in kalla da na dawo daga aji, sannan in kira ta ta idar da isha'i. Ba ma maganar kanmu ko kaɗan. Amma na san dariyarta a wannan lokacin, wata 'yar gajeriyar dariya ta hanci da ban san tana da ita ba.

Anti ma har ta gane. Idan ta dawo ranar Asabar tana dafa wake da shinkafa, ƙamshin soyayyen yajinsu na shito ya cika gidan, sai ta leƙo ta ce, "Kai, wannan yarinya! Kullum Chinese, Chinese. Za ki auri ɗan China ne? Fito ki ci abinci, my dear, kin zama kamar allurar da kanta."

Wannan hirar ce nake tsoron ta ƙare ranar da allon ya yi baƙi. Na san idan babu Mai Allura, za mu koma lafiya lau, ya karatu, ga ƙanwarki. Na daɗe ina kallon wayar kafin na kira.

"Umma, sun cire shi a nan. Babu shi ko'ina."

"Sun cire?"

"Gaba ɗaya. Ku can ana yi?"

Na duba wayar ko layin ya yanke. Ina jin fanka tana juyawa a ɗakinta, a nan kuwa ƙanƙara ta fara sauka a kan motocin da aka ajiye a bakin titi.

"Ana yi," ta ce. "To, sai ki saurara."

Daga ranar na daina kallo na koma ji. Ina dawowa in kwanta in ja bargo, in ɗora wayar a kan matashi, Umma ta ba ni na yau. A farko labarin ya bi hanyarsa: Baƙar Tsohuwa ta ɓoye zaren zinariya, aka ɗora wa Mai Allura laifi, Ranka-ya-daɗe ya yi ta sunkuyonsa. Sannan a hankali sai uwar Mai Allura ta shigo. Ni a sanina sau ɗaya aka nuna ta, a can farko, tana tsaye bakin hanya da aka tafi da 'yarta. Yanzu ga ta ta taso daga ƙauye a ƙafa, ta zo ƙofar fada, masu gadi sun hana ta shiga. Ba ta yi roƙo ba, ba ta ma faɗi wadda ta zo nema ba. Ta samu gindin wata bishiya ta zauna, kullum tana ba mai kai itace ƙunshi ya shigar mata.

"Me ke cikin ƙunshin?" na tambaya.

"Riga mai auduga, saboda sanyin garin. Da man shafawa, ta ce ƙafarta tana faso idan sanyi ya yi. Da ɗan yaji."

Na yi dariya. "Umma, yaji kuma? A China?"

"Ke dai kin cika musu. Masu fassara ne suka ce yaji, ni na je can ne?"

Wani lokacin saƙon baki ne uwar take aikawa. Ta ce a faɗa wa yarinyar kada ta fita aiki da safe cikinta babu komai. Ta ce a tambaye ta ko tana da wadda take hira da ita a cikin wannan babban gida, don zama shiru yana cin mutum. Ta ce a faɗa mata ana jin labarin ɗinkinta har ƙauye, kuma idan an yabe ta a gaban uwar, uwar takan sunkuyar da kai ne kawai, amma ranar ba ta iya cin abinci don murna. Umma tana faɗar wannan da muryarta ta kullum, kamar mai lissafa kayan miya. Ni kuwa na juya fuskata bango, hawaye yana shiga kunnena. Washegari na tsaya na soya ƙwai kafin in fita, abin da na daɗe ban yi ba.

Haka muka ƙare sanyin. Lokacin da itatuwan titinmu suka fara toho, Mai Allura ta gama babbar rigar da aka sa ta, aka ba ta izinin ganin gida. Na zaci za a yi rungume-rungume da koke-koke irin na wasannin nan. Umma ta ce a'a. Uwar tana tsintar shinkafa a tsakar gida ta ji takun 'yarta, ta gane shi tun daga zaure. Ba ta tashi ba, ba ta ɗago ba. Ta ce wa yaran gidan, "Ku ba waccan ruwa, ta sha hanya." Amma shinkafar duk ta zube daga faifan.

"Shi ke nan?" na ce.

"Shi ke nan. Me kuma kike so?"

Bayan nan hirarmu ta ragu, amma ba ta koma gidan jiya ba. Sai ta ba ni labarin maƙwabta, da wanda ya haihu, da kazarta da ta ƙi kwanci. Har yau ba ta kira sunana.

Shekaru sun shuɗe, na gama karatu, na samu aiki a wani ɗakin karatu. A can na haɗu da wata abokiyar aiki da ta taso a China. Muna cin abincin rana wata rana na ambaci wasan, idonta ya yi haske, ta ce ta kalle shi har ƙarshe kafin a ɗauke shi. Ita ta bayyana mini cewa a China babu wasan da ke fita sai hukuma ta duba ta ba shi izini, tana iya sa a yanke, tana iya sa a sake ƙarshe, kuma ko bayan ya fita tana iya janye shi. Wannan, in ji ta, ɗaya daga cikin 'yan wasansa ne ya shiga matsala, aka ce a kwashe duk abin da fuskarsa take ciki, masu nuna shi a waje ma suka bi sahu.

Na ce mata ni wurin da uwar take zaune a ƙofar fada na fi so. Ta ajiye cokalinta ta dube ni. Ta ce wace uwa? Uwar ai ba a sake nuna ta ba bayan kashi na farko, kuma yarinyar ba ta taɓa komawa gida ba.

Da yamma na kira ƙanwata na tambaye ta. Ta ɗan yi tunani, sannan ta ce ta tuna, ai a Kano ma ba a ƙarasa shi ba. A makon da ya ɓace mini tashar ta daina nuna shi, ta sa shirin girke-girke a gurbinsa.