Motar da Baba Ya Iya Shiga

A gidanmu, duk wanda ya sayi mota sai ya ɗauki Baba a gaba ya kai shi masallacin Juma'a. In an dawo, Baba ya ɗora tafi a kan sitiyari ya yi mata addu'a. Yayyena uku duk sun samu wannan a Kano. Ni kaɗai na rage, ni da na yi nisa har Mitchellville a Amurka, kuma abin yana ci mini rai fiye da yadda nake nunawa.

Laifina ne. Da aikin injiniya ya zauna mini, sai na sayi wata jar mota ta hannu, mai kujera biyu, ta masu son gudu. Cikinta kamar ya taɓa kwalta. Ina sonta so na wauta, duk Asabar sai na wanke ta ko ba ta yi datti ba.

Da Baba ya zo ganin likitan gwiwa, na buɗe masa ƙofa ina washe baki. Ya tattare babbar riga, ya sunkuya, ya sake sunkuyawa, gwiwa ta ƙi. Ya miƙe yana murmushi.

"Wannan ta masu ƙafa ce," ya ce. Ranar a motar matata muka tafi.

Shekara biyar yana zuwa duk bazara, kowane zuwa sandarsa na ƙara aiki. A zuwa na biyar likita ya ja ni gefe ya ce doguwar tafiyar jirgi ta kusa gagarar tsohon.

A Wheaton akwai wani makanike ɗan Maraɗi da ke duba mini mota. A bayan garejinsa yana da wata tsohuwar mota ƙirar Faransa, ruwan toka, mai giya a jikin sitiyari da doguwar kujera a gaba. Ta girme ni. Irinta Baba ya tuƙa wa kamfanin gyaɗa yana saurayi. Na ce wa makaniken mu yi musaya, ya ajiye sifana ya dube ni.

"Injiniya, lafiyarka lau? Wagga ba ta gudu hwa. Ko kilimatizar mai sanyaya ciki babu."

Na gaya masa dalili. Ya goge hannu a wando ya miƙo mini. "Na sallama. Ka gaida mini tsoho."

Da ya ja jar motar zuwa ciki, na juya baya. Na ji zafi, ba zan ɓoye ba.

Ranar Juma'a Baba ya shiga ba tare da na riƙe shi ba, ya zauna daram. Muka nufi masallacin College Park a hankali, ana ta wuce mu ana yi mana hon. Sau biyu ya ce in taka kuloci sosai, ina wahalar da baiwar Allah.

Da muka dawo na kashe inji, ya ɗora tafi a kan sitiyari. Addu'ar ta yi tsawo, har da sunayen 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya. Ya shafa, na shafa.

"Ta fi ta yayyena tsawo, Baba," na ce, don in ɓoye idona.

"Shekara biyar nake tara ta," ya ce.

Bazarar da ta biyo baya bai zo ba.