Ordinatar da Ta Kai Rahoton Inna

Shekarun baya, shekarar da na gama ajin yaƙi da jahilci, ƙanwata da ke aiki a wani biro, wato ofis, a Maradi ta kawo mani wata ƴar ordinatar, wato kwamfuta. Ba irin mai murfin nan da ake rufewa ba. Ƴar akwati ce baƙa, ba ta kai kwanon sha ba, kuma ba ta nuna komai sai an jona ta da tele. Ta jona, ta zuba mata karatun Alƙur'ani da wa'azi da fina-finai da bidiyon duk wani aure da suna da aka taɓa ɗauka a danginmu. Ta miƙo mani telekomand, abin da ake danna ta da shi daga nesa, ta ce, "Yaya, tunda kin yi ilimi, ga jarrabawarki."

Na haura arba'in lokacin, kuma ina da wata cuta: ban iya karatu a zuci ba. Duk abin da idona ya faɗa kai sai bakina ya faɗe shi. Buhun dusa, lambar mota, takardar maganin mutane. Sai da na yi makonni ina sake ma kowane bidiyo suna da Hausa, da yatsa ɗaya. "Sunan ɗiyar gwaggo a Bader Goula." "Auren da aka yi faɗa." Kafin wata biyu ɗakina ya zama wurin zaman matan unguwa bayan la'asar, wadda aka gayyata da wadda ba a gayyata ba.

Mahaifiyata tana gidana tun rasuwar mahaifinmu. Yayana shi ne ɗan farinta, kuma ya shekara bakwai a Aljeriya yana aikin gini. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanshi a bakinta ba. "Wancan" take ce mashi. In ya shigo gaisuwa, sai ta juya gefe ta amsa ma bango. Kunyar ɗan fari ce, irin ta mutanen da, kuma Inna ba ta yi mata ragi.

Wata rana ya turo bidiyo ta salula, yana zaune kan bulo yana gaishe da kowa ɗaya bayan ɗaya. Na sa shi cikin ordinatar don a gan shi babba a tele. Fuskarshi na fitowa Inna ta ɗauki butarta ta fita. Washegari ma haka.

Na bi ta tsakar gida na ce, "Inna, shekara bakwai fa. Mutum har ya yi furfura. Kunyar me ta rage?"

Ta ce, "Ke dai ba a gama tarbiyyarki ba, kuma laifina ne."

Abin da ke damuna, ban faɗa mata ba. Ciwon yana ya fara rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya fara hazo. Shi kuma ba shi da takardun zuwa da komawa. In ba ta kalle shi yanzu ba, babu tabbacin za ta sake ganinshi.

Dama na koya mata kunna karatu da kanta. Ba ta karanta rubutu, amma kowane abu yana da ɗan hotonshi, sai ta bi da kibiya ta danna maɓallin tsakiya. Ita kuma ordinatar tana da wata ɗabi'a: da an kunna ta, sai ta jera abubuwan da aka kalla na ƙarshe. Ni da safe nake fita kasuwar bisashe, inda nake saida dusa da harawa. Sai in bar ta a kan wa'azi, in dawo in iske gaisuwar yayana a sama. Yau haka, gobe haka. Gidan kuwa da hantsi ba kowa sai Inna.

Na gane. Ba zan ce ban gane ba.

Ranar da mata suka cika ɗakin, har da gwaggona, ƙanwar mahaifinmu, na kunna, bakina ya karanta kamar yadda ya saba: "Gaisuwar Yaya daga Aljeriya." Da a nan na tsaya, da ba komai. Amma so nake in ci gardama. Na ce, "To jama'a, wa ke kallon wannan kullum da hantsi, bayan na fita?"

Aka fashe da dariya. Gwaggo har da guɗa. "Ashe tsohuwa ana leƙe! Ashe butar nan ta gaban mutane ce!"

Inna na tsintar wake a faifai. Ta ƙarasa tsintar, ta kakkaɓe zanenta, ta fita. Daga ranar ba ta sake taka ɗakin ba, ko don karatu. Ta maida zamanta rumfar ragunanta. Da na matsa mata, sai ta ce, "Ba ni zama ɗaki ɗaya da mai kai rahoto. Ku biyu ne a gidan. Ke dai ba yadda zan yi da ke."

Na kira ƙanwata, ta koya mani yadda ake goge jerin nan da yadda ake hana shi sake fitowa. Na je na ce, "Inna, ta daina rubutawa."

Ta ce, "Ke kin daina karantawa?"

Haka muka yi wata uku. Ni ban iya ba da haƙuri ba, in na fara sai ya koma faɗa. A ƙarshe na kira yayana na gaya mashi komai. Ya ce, "Ke har yanzu bakinki ba linzami?" Na ce ba wannan ya sa na kira ba. Na ce Layya ta matso, ya je inda ake saida raguna a can, ya kama ɗaya, ya sa a ɗauke su bidiyo. Kar ya gaishe da kowa, kar ya kalli mai ɗauka. Maganar rago kawai zai yi. Ya ce na haukace. Bayan kwana huɗu ya turo.

Inna ta shekara hamsin tana kiwo. A unguwarmu ba a sayen ragon suna sai an jawo shi gabanta ta taɓa bayanshi. Na bari sai da rana tsaka, ba kowa a gidan, na kunna na ƙara murya, na leƙa na ce, "Inna, zo ki duba mani wani rago. Wai na Aljeriya ne, suna cewa ya fi balami."

"Wa ya ce?"

"Su can."

Ta taso. Ta tsaya bakin ƙofa, sannan ta jawo tabarma har kusa da tele, saboda idon. Ga rago fari mai dogayen ƙafafu, ga yayana riƙe da ƙahonshi yana ta zuba bayanin haƙora kamar dillali. Ya ƙare, ta ce, "Maido shi." Na maido. Sau huɗu.

Ta ce, "Ragon ba laifi. Amma cikin nan ba kitse ba ne, kanwa aka ba shi ya sha ruwa. Kar a saya." Ta ci gaba da kallon inda hoton ya tsaya. "Mai riƙe da shi kuwa, a ce mashi ya riƙa cin abinci."

Na ce, "To."

Ina jin shi ne karo na farko da na ce ma wani "to" ban ƙara komai a kai ba.

Bayan nan raguna sun yi ta zuwa daga Aljeriya, da awaki, har da raƙumi sau ɗaya, wanda ta ce mai shi azzalumi ne. Na tara su wuri guda na rubuta "Bisashe". Ta kalle su har idon ya gaza, daga nan ta koma saurare. Lokacin da yayana ya dawo gida, ba ta ganin komai sai haske da duhu. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta juya gefe ta amsa ma bango.

Har yau ban yarda da wannan al'ada ba. Ɗiyata ta fari da sunanta nake kiranta, da ƙarfi, daga wannan bakin kasuwa zuwa wancan. Amma Inna ta riga ta samo ma kanta hanya, ita kaɗai, ba ta roƙi kowa ba, ni ce na toshe mata don mata takwas su ce na yi gaskiya. Kuma sun ce. Ban ga abin da ya ƙara mani ba.

Karanta abin da aka rubuta, wannan madam ɗin ajin yaƙi da jahilci ta koya mani a wata tara. Yin shiru bayan na karanta, shi ne har yanzu nake aji ɗaya.