Bawul Ɗin da ke Ƙarƙashin Keken Tela

Har yau ban manta da safiyar Litinin ɗin da darakta ya turo mini takardata ba tare da ya sa hannu ba. Lokacin ina babban ma'aikacin gyaran bututu a wurin aikinmu na ruwan famfo a Bauchi. An zaɓe ni aikin sa-kai na shekara biyu a wata ƙasar Afirka da yaƙi ya lalata mata hanyoyin ruwa, in je in koya wa mutanenta gyara. Na yi ganawa a Abuja, na yi allurar rigakafi, fasfo ya fito. Saura takardar saki kawai, wato shaidar cewa ofishinka ya yarda ka tafi kuma kujerarka tana jiranka. Mako biyu aka ba mu, in babu ita a ba wani gurbin.

"Malam Garba, in bututu ya fashe a unguwar Wunti bayan ka tafi, wa zai tsayar da ruwan?" in ji darakta.

Ya kama ni. A tsohon gari akwai bawul-bawul da aka binne tun kafin a ɗauke ni aiki, su ake murɗawa da dogon makulli a tsayar da ruwan unguwa kafin a yi gyara. Kwalta ta rufe wasu, an yi shaguna a kan wasu, taswirar kuma ta daɗe da ɓata. A cikin kaina kaɗai wurarensu suke, kuma gaskiya ban taɓa son su fita daga can ba. Ina jin daɗin yadda ake nemana ido rufe. Ko Bulus, abokin aikina na shekara da shekaru, in mun isa sai in ce ya jira a mota.

"Ka koya wa Bulus," in ji darakta. "Ranar da ya rufe Wunti ba ka wurin, zan sa hannu."

Washegari muka fara yawo a ƙafa, ni a gaba ina ta bayani kamar mai wa'azi, shi a baya da littafi. A kwana na uku muka shiga layin teloli. Na tsaya ina ƙirga taku daga wata bishiyar darbejiya da na saba yin alama da ita, ashe an sare ta. Na yi gaba, na dawo baya, gumi ya jiƙa mini riga, masu keke-napep suna ta danna mini oda. Bulus ya yi gyaran murya.

"Malam, bawul ɗin ba a shagon Alhaji Ɗanlami yake ba? Ƙarƙashin keken ɗinkinsa?"

Muka yi sallama, tela ya ja kekensa, muka ɗaga tabarma. Ga murfin ƙarfen nan. Kafin la'asar Bulus ya nuna mini sauran duka, har da guda biyu a hanyar Tirwun da ban taɓa sanin akwai su ba.

"Tun yaushe ka sani?" na tambaye shi.

"Ya daɗe fa. Daga mota ai ana gani, na Tirwun kuma tsofaffin unguwa suka nuna mini."

"Me ya hana ka faɗa?"

Ya yi dariya. "Ba ka taɓa tambaya ba, Malam. Kuma na ga abin yana maka daɗi."

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Amma a hanyar komawa ofis sai na ji wani sauƙi da na daɗe ban ji ba. Ranar Juma'a aka zaunar da ni a ofishin darakta, Bulus ya rufe Wunti kafin shayina ya huce. Aka sa hannu. Muka zana sabuwar taswira tare, sunansa na sa a sama.

Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, abin da nake so ku riƙe ke nan. Na shirya tafiya ina ganin zan kai ilimi wurin waɗanda ba su da shi, alhali mutumin da ke zaune kusa da ni ya fi ni sanin garina. Shi ya sa ranar da na sauka a can, aka tara mini ma'aikatansu suna jiran in fara darasi, sai na miƙa wa mafi tsufansu makullin na ce ya wuce gaba.