Farfesun da Na Mayar Ranar Juma'ar Azumi

Shekaru sun goge abubuwa da yawa daga zuciyata, amma wannan kam ya ƙi goguwa, kuma na san da shi za a binne ni. Wata Juma'a ce cikin azumin kwana arba'in da mu 'yan Katolika muke yi kafin Ista, a shekara ta biyu ta annobar korona, lokacin ina karatun digiri na uku a Kuala Lumpur. Duk ranar da na tuna matar da nake a wancan lokacin, sai in ji kamar in koma baya in kwaɗa mata mari.

Ni 'yar katikis ce, wato malamin da ke koyar da addini a coci, daga wani ƙauye a ƙasar Katsina, kuma a lokacin ina ɗauke da wannan abu a ka kamar ni na ƙirƙiro addinin. Da aka rufe coci-coci aka koma kallon Misa ta waya, ni na tara 'yan Najeriya 'yan Katolika da ke unguwannin Bukit Jalil da Sri Petaling, mu goma sha wani abu, muna jan rosari, wato carbinmu, ta kiran bidiyo kullum da yamma. Ni ke buɗewa, ni ke rufewa, ni ke gyara wa wanda ya yi tuntuɓe a addu'a. Na kafa ɗan bagadi a kusurwar ɗakina, da kyandir biyu da gicciye, na kuma saita shi daidai inda zai fito a bayana idan na kunna kyamara. Kada ku ce ban san abin da nake yi ba, sau uku na matsar da teburin nan kafin ya zauna yadda nake so. Suna ce mini Uwar Rosari, ni kuwa in sunkuyar da kai in ce a'a, a'a, duk alherin Allah ne, alhali zuciyata na rawa. Kallon kitse suke yi wa rogo, ni ma kuma haka nake kallon kaina.

Gida ɗaya muke haya da wata yarinya daga kudancin Kaduna, tana digiri na biyu, na girme ta da kusan shekara goma. Anti take ce mini. Yarinya ce mai dariya da son girki, 'yar Katolika kamar ni, sai dai ni a wurina addininta na da ruwa a ciki. Takan yi gyangyaɗi a tsakiyar rosari, takan kalli Misar Lahadi da kayan barci a jikinta. Na sha yi mata wa'azi a kan haka. Na kuma kafa mata doka tun farko, cewa idan ta ga na rufe ƙofata na kunna kyandir, ko gidan ke cin wuta kada ta ƙwanƙwasa. Da wasa na faɗa, amma irin wasan da ake yi ba a murmushi.

Yarinyar nan ce cutar ta kama. Asibitoci sun cika, sai aka ce ta killace kanta a gida, aka ɗaura mana abin hannu na alamar killacewa ni da ita, ba mai fita ko bakin lif. Tana ɗakinta, ina nawa, abinci in ajiye mata a bakin ƙofa in ja da baya. Zazzaɓin bai ba ni tsoro ba kamar rashin cin abincinta. Hancinta ya daina jin ƙamshi, harshenta ya mutu, duk abin da na ajiye haka nake dawowa in ɗauke shi. Kwana biyar ba abin da ya zauna a cikinta sai ruwan shayi. Likitan da ke duba ta ta waya ya ce dole ta ci, ko mene ne, in ba haka ba jikinta zai kasa. Na ji wannan magana da kunnena. Na ma sanar da ita a zauren addu'armu, na sa aka fara mata addu'ar kwana tara, kowa yana yaba yadda nake ɗawainiya da ita.

A hawa na ƙasa da mu akwai wata Bakanuwa, matar wani malamin jami'a da ya zo ƙaro karatu. Hajiya muke ce mata. Tun ranar da ta ji muna Hausa a lif ta riƙe mu kamar 'yan uwa, musamman yarinyar, don su biyun bakinsu ɗaya a kan girki. Ashe da safiyar Juma'ar nan yarinyar ta farka ta ji hancinta ya ɗan buɗe, ta ji ranta na son abu ɗaya tak a duniya, farfesun kaza mai yaji irin na gida. Ba ta gaya mini ba, Hajiya ta gaya wa ta waya.

Wajen ƙarfe ɗaya na rana aka danna ƙararrawa. Na sa takunkumi na buɗe, sai ga kula rataye a hannun ƙofa, Hajiya kuma ta koma can ƙarshen baranda tana ɗaga mini hannu. Tun kafin in taɓa murfin ƙamshin daddawa da citta ya buge ni. Ni kaina yawuna ya tsinke, kuma ina jin wannan ne ya ƙara mini fushi.

"Hajiya, mene ne a ciki?"

"Farfesu ne, 'yar uwa. Ƙanwarki ta ce shi take marmari. Ba tapau na yi daga kedai ba fa, wato ba sayowa na yi a shago ba, da hannuna na dafa, da ragowar daddawar da na zo da ita daga Kano. Ki kai mata da zafinsa."

"Na kaza?"

"Na kaza mana."

Na gyara tsayuwa irin ta wadda za ta ba da shaida a gaban sarki. Na ce mata yau Juma'a ce cikin azuminmu, kuma ɗan Katolika ba ya cin nama ranar Juma'ar azumi. Na gode mata, na ce Allah ya saka, amma wannan kula ba za ta shiga gidan nan yau ba.

Hajiya ta kalle ni ta saman takunkumi. Ta ce, "Ni ban san dokarku ba, ba zan yi miki gardama a kanta ba. Amma mu a namu azumin, marar lafiya an ɗauke masa. Ku babu haka?"

Akwai. Wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai. Na san akwai, tun ina yarinya a ajin katikisim aka koya mana cewa Ikilisiya ba ta ɗora wa marar lafiya wannan doka ba. Amma a ce Musulma ta tsaya a baranda tana tuna wa Uwar Rosari addininta? Sai na ce mata ai lokacin ciwo ne ya fi dacewa mutum ya miƙa wahalarsa ga Allah, kuma gobe Asabar, ta iya kawowa.

"Gobe ai da nisa ga wanda bai ci ba kwana biyar. Ki ba ta ko romon ne mana, ki tsame naman."

"Romon ma na nama ne, Hajiya."

Ta matso ta cire kularta a hankali, ta juya. Ni kuwa na rufe ƙofa ina jin kaina kamar waɗanda aka jefa wa zakuna saboda bangaskiya. Abin da na yi duka shi ne na hana yarinya mai yunwa kwanon miya.

Daga cikin ɗakinta na ji muryarta, ƙasa-ƙasa. "Anti, Hajiya ce? Na ji ƙamshi." Karo na farko ke nan cikin mako guda da ta ji ƙamshin wani abu. Na tsaya a bayan ƙofarta na yi mata bayanin ranar da muke ciki, na ce ta yi haƙuri ta haɗa yunwarta da ta Ubangiji a jeji. Na buɗe gwangwanin kifi, na shafa a burodi, na ajiye mata da shayi. Ta ce to. Daga baya na ji tana amai, na ce a raina cutar ce.

Ƙarfe uku ya yi, lokacin Hanyar Gicciye, addu'ar da muke bin sawun wahalar Yesu mataki-mataki har goma sha huɗu. Na yafa farin mayafi, na kunna kyandir, na rufe ƙofa, na toshe kunnuwana da abin sauraro. Ranar muryata ta yi daɗi ƙwarai, har rawa na sa mata a wuraren da suka dace. Kafin mu fara ma sai da na ba su labarin jarrabawar da ta zo har bakin ƙofata da yadda Allah ya ba ni ikon tsayawa. Wani ya ce irina ake buƙata a wannan zamani. Mun kai mataki na tara, inda Ubangiji ya faɗi karo na uku, ina tsaka da jan hankalin mutane a kan masu wucewa su ga wanda ya faɗi su kau da kai, sai na ji kamar ana dukan wani abu daga nesa. Na yi tsaki a zuciyata na ci gaba. Sai da dukan ya girgiza bango na cire abin kunnen.

Hajiya ce ke dukan ƙofar gida da tafin hannu, mai gadin ginin na bayanta, tana kiran sunana. "Ki duba banɗaki! Ta faɗi, ta kira ni ta ce ba ta iya tashi. Na kira motar asibiti, suna hanya."

Na same ta a ƙasan banɗaki, kanta jingine da bango, goshinta ya fashe, wayarta a hannu. Leɓɓanta sun bushe sun yi fari. Banɗakin nan bango ɗaya ne ya raba shi da bagadina. Ma'aikatan asibiti suka zo cikin fararen kayansu na roba suka ɗauke ta, ni ko rakiya ba ni da ikon yi saboda abin hannuna. Da na koma ɗaki, kyamara na nan a kunne, 'yan zaure sun ci gaba ba tare da ni ba. Da na gaya musu, wata ta ce ai Shaiɗan ba ya kai hari sai gidan da ake addu'a. Kowa ya ce amin. Ba wanda ya tambayi abin da yarinyar ta ci.

Ba zan yi ƙarya in ce farfesun nan ne zai hana ta faɗuwa ba, ban sani ba, ba kuma likitan da ya ce haka. An ce dai ruwan jikinta ya ƙare, ƙarfinta ya tafi, aka sa mata ƙarin ruwa. Washegari da safe na kira mahaifina, ina neman wanda zai ce mini na yi daidai. Na tsara masa labarin yadda zai fito da ni fes. Tsohon ya saurara har na gama.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "wa ya koya miki wannan?"

"Baba, ai dokar Ikilisiya ce."

"Ni na koyar da dokar nan shekara talatin, kada ki jingina mini. Shekarar da aka haife ki, mahaifiyarki ta zubar da jini, ta kwanta ba ta ko ɗaga kai. Ranar Juma'a Mai Tsarki da kanta na kama zakara na yanka, na dafa mata, sannan na wanke hannu na tafi coci na ja Hanyar Gicciye. Fada, limamin cocinmu, ya sani, shi ya ce in ƙara mata da hanta. Da na yi irin taki, da wa zai shayar da ke?" Ya yi tari, ya ƙara da cewa, "Kin fi mai kora shafawa. Ki nemi Fada ki furta zunubinki, kuma ba zunubin nama ba."

Kwana huɗu ta yi a asibiti. Da ta dawo ta rame, da filasta a goshi, ba ta nuna mini fushi ba ko kaɗan, wanda da ta nuna da ya fi mini sauƙi. Hajiya ta ci gaba da rataye kula a ƙofarmu kullum, ba ta taɓa tayar da maganar ba, sai dai ta tambaye ni ko ni ma na ci. Da wa'adin killacewarmu ya cika, ranar farko da muka zauna a falo ɗaya, na kasa riƙe tambayar da ke cina. Na ce mata me ya sa da ta faɗi ta kira Hajiya da ke wani hawa, ga ni a bayan bango?

Ta dube ni, ba da gatse ba, da gaskiyarta. "Na ji muryarki, Anti. Kina addu'a. Ban so in katse ki ba."

Yarinyar da nake ganin addininta na da ruwa tana kwance cikin jini tana girmama addu'ata, ni kuma ina ɗaki ina wa mutane wa'azi a kan tausayi. Da zangon karatu ya ƙare ta koma Sri Petaling wurin wasu ƙawayenta, ta ce ya fi mata kusa da tashar jirgin ƙasa. Tashar da ke ƙasan gidanmu ta fi kusa, mu biyun mun sani.

Ban daina jan rosari ba, ban daina ƙaurace wa nama ranar Juma'ar azumi ba, don laifin ba nasu ba ne. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, mutum na iya cika bakinsa da sunan Allah alhali kansa yake bauta wa, kuma ba zai gane ba muddin ana tafa masa. Duk ibadar da ta sa wanda ke kusa da kai ya ji tsoron kiranka ranar da ya faɗi, ka binciki wa kake yi wa ita.