Munduwar Gwaggo Tumba

Duk wadda ta san Gwaggo Tumba, yayar babana, ta san ba a gaisawa da ita a tsira da kunne. Kina cewa "ina kwana", ita tana murza ɗan kunnenki tsakanin yatsu. Sai ta gama bincike za ta amsa, kuma daɗin amsar ya danganta da abin da ta gani. Tun kafin a haife ni take zuwa kasuwar Jega daga Maiyama da faifanta: duwatsun tsakiya, murjani, mundayen tagulla, awarwaro, da ƙarau na kwalba don 'yan mata.

Wai sayarwa take yi, amma rabin yinin a ba da tarihi yake ƙarewa. Tsakiya, in ji ta, a kan raƙumi ta ƙetaro Sahara. Mundayen tagulla kuwa, akwai zamanin da su ne kuɗi a wasu ƙasashe. Wata rana ina zaune gefenta wani mai sayen tsohuwar azurfa don narkewa ya tsuguna, ya fito da ɗan sikeli.

"Mi za ka yi da wanga?" in ji Gwaggo.

"Awo zan yi, Inna."

"Awo? Nama kag gani? Mahauta na can baya, tashi ka ba ni wuri!"

Bawan Allah ya tashi. Ranar ko ƙarau ɗaya ba ta sayar ba, amma ta koma gida tana murna kamar ta yi cinikin Salla.

Bikin ƙanwata a Aliero kuwa, kunya ta kusa kashe mu. Ana nuna kayan lefe, Gwaggo ta ɗauki sarƙa ta shinshina.

"Ɗiyata, wagga in kin yi zuhwa sau biyu, wuyanki kore za shi yi."

Dangin ango suka taso. "Haba Gwaggo, daga Dubai fa anka kawo ta!"

"Ashe can ma ana ƙarya."

Muka yi ta ba da haƙuri. Kwana huɗu da tarewa amarya ta aiko a tambayi Gwaggo me ke fitar da kore a wuya.

Abu ɗaya ne ba na sayarwa ba: munduwar azurfar da ke hannunta na hagu. Maƙerin fari ne ya ƙera wa kakarta ita da tsofaffin dalolin azurfa, kewayayya, ba ta da baki. Gwaggo tana budurwa aka zura mata, jiki ya zo ya buɗe, munduwa ta ƙi fita. Ko a asibiti da za a ƙara mata ruwa aka ce a cire, cewa ta yi, "Hannu biyu Allah Ya ba ni, ga gudan."

Wata rana ta tara matan gida ta nuna ni. "Ku shaida na ba Hajo munduwag ga. Amma aro nika yi har in mutu." Muka kwashe da dariya, ita ko murmushi ba ta yi ba. "Ran wankana, in kinka bari anka kira maƙeri ya yanke ta, ban yahe miki ba. Kuɓewa za ki kaɗa, ki shahwa yauƙin, ki ja a hankali."

Nan take ta ce a yi gwaji. Muka kaɗa, muka shafa, ni da kishin in nuna na iya, na yi ta ja har hannun ya kumbura. Munduwa ko motsi! Gwaggo ta kalle ni ta ce, "Raguwa. Sauran garin kuɓewar a yi miya, kar a yi asara." Daga ranar tsoro ya shige ni, domin na san ba wasa take yi ba.

Bayan girbin bara ta kwanta. Wata uku ina jinyarta, ni ke ba ta koko a baki. Da safiyar da ta cika, na ƙulle garin kuɓewa a bakin mayafina, na shiga ɗakin da za a yi mata wanka. Tuni matan sun fara raɗa cewa a aika maƙera a karɓo abin yanka, kar a jinkirta jana'iza. Na ce su ba ni minti biyar.

Na ɗaga hannunta kawai don in duba, sai munduwar ta zamo da kanta ta faɗo cikin tafina. Ko ƙullin ban kwance ba. Ashe haka Gwaggo ta rame, ni da ke tare da ita kullum na ƙi yarda in gani. Duk wata ukun nan za ta iya cirewa ta miƙo mini, amma ta ce aro ne har ta mutu, kuma ta cika maganarta. A nan ne na yi kukan da ban yi ba tun safe.

Tana hannuna yanzu, lafiya lau, ba ƙwarzane.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Tumba, Ya yafe mata kurakuranta, Ya haskaka kabarinta. Ya sanya mata mundayen Aljanna, waɗanda ba sai ta murza ta duba ba. Amin.