Ranar da Na Raka Kawu Tanko Tseren Keke a Cikin Laka

Daga Mount Hope

Muna idar da sallar asuba ran Lahadi muka sauko daga benenmu na unguwar Mount Hope a Bronx, ni da jakar abinci, Kawu Tanko da kekensa a kafaɗa. Ƙanin mahaifiyata ne, direban tasi, ya ba hamsin baya. Tun da likita ya ce masa sukari ya yi yawa ya sayi keke, daga nan kuma abin ya zama jaraba. Wani fasinja ne ya kwaɗaita masa tseren da ake kira cyclocross, wanda ake yi a ciyawa da yashi da laka, in an zo wurin katako a sauka a saɓa keken a tsallake. Ni dai na ce wannan neman wahala ne da kuɗinka. Amma ya shafe bazara yana atisaye, kuma wannan ne tsere na ƙarshe a kusa da mu bana. In ya wuce shi, sai baɗi.

Ni na yi masa komai a waya, don Kawu in ba kira ba babu abin da yake yi da ita. Na yankar masa lasin tsere na shekara, na yi masa rajista a rukunin sababbin shiga. Har ina yi masa gori a jirgin ƙasa mai lamba huɗu cewa ba don ni ba da yana gida yana shan koko. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Binta, amma riƙe min tayar nan kada ta shafi wandon bawan Allah."

A kan ruwa

Mun sauka a ƙarshen Manhattan muka gangara tashar jirgin ruwan da ke zuwa tsibirin Staten Island. Masu keke ta ƙasa suke shiga. Karen masu tsaro ya shinshina jakata, ya daɗe a wajen dambun nama, har na fara tsarguwa. Jirgin kyauta ne, tafiyar ba ta kai rabin awa ba, amma sanyin ya ratsa ni har ƙashi. Kawu ko a jikinsa, sai miƙe ƙafa yake yana lanƙwasawa a gaban mutane. Na matsa can gefe kamar ban san shi ba.

Port Richmond

Malam Sani, abokin Kawu ɗan zangon Kumasi, ya ɗauke mu a motarsa ta kai kaya. Sai da ya bi da mu gidansa a unguwar Port Richmond, maiɗakinsa ta cika mana kwano da wake da shinkafa da yaji.

"Kada ka ci da yawa, Tanko," in ji Malam Sani. "Ba ni da ƙarfin ɗaukar ka da keken."

Kawu ya ci loma uku ya ture. Ni na ƙarasa masa, don ban ga abin da zai hana ni ba.

Filin tsere

Wani lambu ne a kudancin tsibirin, an zagaye shi da igiyoyi masu launi. Ƙarƙashin rumfa wata dattijuwa Baturiya ke raba lambobi. Ta duba lasin a wayata, ta karɓi katin tuƙin Kawu, ta duba, ta sake dubawa.

"Wannan lasin na Tanko ne," ta ce. "Katin kuma na wani ne daban. Wane ne zai hau keken?"

Na leƙa katin, na ga Zakariyya'u. Wallahi tun da nake ban taɓa jin wannan suna a gidanmu ba. Tanko na tashi na ji ana cewa, saboda bayan mata huɗu aka haife shi, kuma wa zai tsare kawunsa ya ce masa yaya sunanka na yanka? Na shiga yi wa matar bayanin al'adarmu, Turancina na ta harɗewa. Ta saurara da murmushi, ta ce ta yarda da ni, amma inshorar da ke cikin lasin sunan da ke kati take bi. Gyaran kuwa sai ofis, kuma yau Lahadi.

Kawu kuwa hular kwanonsa kawai ya cire ya riƙe, yana kallon yaran da ke zagaya fili. Da ya yi min faɗa da ya fi min sauƙi. Kunya da haushin kaina suka rufe ni.

Sai matar ta tambaya ko ya taɓa yin tsere. Muka ce ko sau ɗaya. Ta ce to ai sabon shiga ba dole ne ya riƙe na shekara ba, akwai lasin kwana ɗaya, yanzu ma za a iya yanka. Malam Sani ya tsoma baki, ya ce ai Kawu ba ya cikin kowane kulob, sai dai ƙungiyar masallaci. Ta yi dariya ta ce kulob sai wanda ya so, abin da ake bukata lasin ne da hular kwano da sa hannu cewa ka san za ka iya faɗuwa. Na buga sunan harafi bayan harafi ina kallon katin, ban yarda na furta shi ba.

Tseren kuwa, kada ku tambaye ni. Kawu ya faɗi a yashi, ya faɗi a laka, wurin katako kuma ya tsaya ya ɗaga keken a hankali kamar mai sauke buhun gero. 'Yan kallo na kaɗa masa ƙararrawa, ni ina ihu har muryata ta dushe. Shi ne na biyun ƙarshe. Da ya iso layin gamawa, mai lasifika ya duba takarda ya kira sunansa cikakke, duk filin ya ji, aka yi ta tafi.

Komawa gida

A jirgin ruwa laka ta bushe masa har a gemu. Na ce, "Kawu, ka yafe min shirmen da na yi."

Ya kalli ruwa ya ce, "A ofis-ofis ana kiran sunan nan, amma ban taɓa jin nawa ne ba. A gida Inna ce kaɗai take kira na da shi, in na yi abin kirki. Tun da ta rasu ban sake jin an kira shi da murna ba sai yau."

Na miƙa masa sauran dambun. Mun isa Mount Hope kafin magariba, lafiya lau. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Malam Sani da maiɗakinsa, da dattijuwar nan ta rumfa. Da safe na kira ofishin masu lasin na gyara sunan, kuma da suka ce in faɗe shi, na faɗa da bakina.