Dutsen Gugan Uban Wasu

A kasuwa Mai Labule ake ce mata, a gida kuma Auta. Ita ta fi son na kasuwar, don na gidan yana tuna mata ɗakin da ta fito, ɗaki mai warin gawayi da sitati, inda mahaifinsu ya ƙare rayuwarsa a sunkuye yana goge kayan mutane. Idan kwastoma ya tambaye ta sana'ar babanta, sai ta gyara zaman tabarau ta ce harkar tufafi yake yi. Ba ƙarya ta yi ba, amma ita ma ta san abin da take so a fahimta.

Auta ba ta ga maciji da tsohon abu. Kujera ba ta shekara a falonta, waya ba ta tsufa a hannunta, ƙawa ma da ta fara jin jiki sai a nemi sabuwa. Shi ya sa da Baba ya rasu, tun mutane ba su gama zuwa gaisuwa ba ta kawo masu fenti, ta rataya labulen shagonta a ɗakinsa, ta kira mai sayen ƙarafa ya kwashe abin da ta kira tarkace. A cikin tarkacen har da dutsen gugansa na gawayi, mai ɗan zakaran ƙarfe a kan murfi, wanda yatsunsa suka yi wa mariƙin gurbi.

Yayarsu, wadda ta goye ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta dawo daga makarantar da take aikin girki ta tarar da lungun wayam. Ta tambayi inda dutsen yake. Auta ta ce haba Yaya, wa ke guga da gawayi a wannan zamanin, in guga take so gobe za ta aiko mata da na lantarki. Yaya ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta fita. Daga ranar ba zagi, ba gori, ba kira.

Kiran shi ne abin da ya tsaya wa Auta a wuya, ko da yake a kashe ta ba za ta faɗa ba. Duk shekara ranar haihuwarta, Yaya kan kira ta da sassafe ta soma labari guda: yadda aka aiko wa Baba cewa an sauka lafiya, ya ruga ya bar dutsen a kan rigar wani mutum har ta ƙone. Auta ba ta taɓa bari an kai ƙarshe ba. Da an zo wurin ƙonewar sai ta ce, Yaya ina da kwastoma, ta kashe. Yanzu ga shi babu mai damun ta da labarin, ranar kuma sai matsowa take yi.

To ka san dabarar irin su Auta. Maimakon ta je ta durƙusa ta ba da haƙuri, sai ta yanki tikitin jirgi zuwa ƙasar waje. Ta sanar a guruf ɗin 'yan uwa cewa hutu za ta, kuma can ƙawayenta za su yi mata shagalin ranar. Ƙawayen dai babu su. Lissafinta shi ne idan hotuna suka fara sauka, Yaya ba za ta iya shiru ba, ko don ta ce Allah ya ƙara arziki da gatse. Ita gatsen ma so take yi.

Ranar ta zo ta same ta a ɗakin otal, tana jujjuya gefen labulensu tana taɓe baki, wai ɗinkin nan ko almakashinta ba zai yarda ya taɓa shi ba. Ta duba waya. Bankinta ne kawai ya tuna da ita. Ta yi tsaki, ta sa takalmin da ya fi kowanne tsini da matsi, ta sauka ta tambayi matar da ke kan teburin karɓar baƙi ina manyan mutane ke zuwa a garin nan. Matar ta zana mata gidajen tarihi a jikin taswira.

Na farko na zane-zane ne. Auta ta ga mutane sun goya hannu a baya sun ƙura wa bango ido, babu mai ko tari, ta ce a ranta rashin aikin yi dai bai yi ba. Na biyu ƙasusuwa ne da fasassun tukwane, an haska musu fitila, an ajiye musu mai gadi. Ta ce wallahi da a gidanta ne da tuni mai shara ya san da su. Amma fa wurin yana da haske mai kyau, ita kuma hasken ta biya. Tsarinta ɗaya ne a ko'ina: ta nemi inda fitila ta fi zuba, ta juya wa kayan baya, ta miƙa wa mai wucewa waya ya ɗauke ta hoto, ta karkata kai, ta tura guruf. Gidan tarihi biyu ta gama tas, kuma duk abin da ke cikinsu ƙeyarta ce ta gan shi.

A guruf 'yan ƙananan dangi suna ta zuba mata Anti kin haɗu, Anti a tuna da mu wajen tsaraba. Waɗannan ta san kuɗin bakinsu. Sunan da take nema bai fito ba.

Na uku gidan kayan aikin mutanen da ne, kekunan ɗinki, fitilun kananzir, ma'auni, guduma. Ƙafarta ta soma raɗaɗi, don haka ba ta wahalar da kanta ba. Ta tsaya gaban wani akwatin gilashi, wata tsohuwa mai sanda ta ɗauke ta hoto, ta rubuta a ƙasa cewa ana can ana shan tarihi, ta fito ta zauna a wani shagon shayi ta cire takalmi ɗaya a ƙarƙashin tebur.

Nan wayar ta yi ƙara, ta ga sunan Yaya. Ta yi maza ta buɗe. Saƙon murya ne, gajere, ta kara a kunne.

"Auta, duba bayanki a hoton nan."

Ta buɗe hoton, ta ja shi da yatsu biyu. Ga dutsen guga nan daidai kafaɗarta, baƙi wuluk, da zakaransa a kan murfi, an shimfiɗa masa jan ƙyalle ya hau ya zauna.

Ta cusa ƙafa a takalmi ta koma da ɗingishi. Sai da ta sake yankar tikiti, don mai ƙofar ya ce wanda ya fita ya fita. A karon farko a yinin ta tsaya tana fuskantar abu. Mariƙin katakon ya sha hannu, har da gurbin babban yatsa. Amma Auta ce, ba ta san hanyar gyara ba sai guda. Ta yafito mai gadin ta tambaye shi nawa za su sayar. Mutumin ya ɗauka wasa take yi. Da ya ga ta buɗe jaka, ya gaya mata a hankali, kamar mai lallashin mara lafiya, cewa nan ba a sayar da komai.

Ta zauna a kan benci ta aika wa Yaya cewa kada ta damu, ko nawa ne sai ta samo mata irin wannan sak kafin ta dawo. Amsar ba ta daɗe ba.

"Wannan na uban wasu ne. 'Ya'yansa sun adana."

Babu barka, babu addu'a, babu labarin riga. Auta ta saurara ta sake saurare ko akwai abin da ya rage a ƙarshe. Sai lokacin ta tuna ba ta san rigar wa aka ƙone ba, ba ta san ko mutumin ya yafe ba, ba ta san abin da Baba ya ce da aka miƙa masa ita tana jaririya ba. Duk duniya mutum ɗaya ya rage da ya sani.

Ta danna wayar ta kai bakinta. "Yaya, da ya dawo ya tarar rigar ta ƙone, sai aka yi yaya?"

Alama ta nuna an saurara. Ta sake cire takalmi ɗaya ta riƙe a hannu, ta zauna tana jira, har mai gadin ya zo ya ce mata za su rufe.